Muhawara: Kwana 12 a jirgin ruwa zuwa inda rana ba ta faɗuwa

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah ban da dariya. Yara sun haɗa kuɗi sun ce za su tura mu ni da babansu yawon jirgin ruwa a watan Yuni, tunda bana ya yi ritaya. Jirgin zai tashi daga Southampton, kwana 12, ya bi gaɓar tekun Norwe: Stavanger, Bergen, wani wuri wai shi Geiranger, Alesund, har Tromso can ƙuryar arewa, sannan ya juyo. Ni dai babban ruwan da na taɓa shiga shi ne na Tiga, shi ma a kwalekwale, babu addu'ar da ban karanta ba ranar. Shi kuwa maigidan ya ce muddin ba a faɗa masa yadda ake sallar magariba a garin da rana ba ta faɗuwa ba, babu inda za shi. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana.

Alhaji Na-Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yara albarka, ya ba su masu yi musu. Amma gaskiya ɗaya ce. A ɗauki wannan uban kuɗi a je kallon dutse da ruwa? Ga Dala ga Gwauron Dutse kyauta, ko sisi ba za a karɓa ba. Ku ce su mai da shi Umara, ku samu lada ku samu hutu.

Maman Walida: Alhaji, mun yi Umara bara, alhamdu lillahi. Wannan yara ne suka zaɓa, ba ma so mu watsa musu ƙasa a ido.

Anti Nas: Yaya Hajiya, kada ki saurari Alhaji, shi ko Legas aka ce ya je sai ya tambayi ribar da zai ci. Na yi wannan tafiyar shekara biyu da suka wuce ni da ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, yinin farko ban ji daɗinsa ba. Daga Ingila sai an ƙetare Tekun Arewa, yini guda da kwana ba ki ganin komai sai ruwa, kuma in iska ta taso jirgin yana rangaji. Jiri ya kwantar da ni, ko shayi na kasa sha. Ki sayi maganin jiri tun a gida, ki sha kafin jirgi ya tashi, kada ki bari sai kin fara amai. Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi.

Amma da muka shiga cikin lungunan nan da suke kira fiyod, sai ruwa ya kwanta luf kamar an zuba shi a faranti. Ranar da za mu shiga Geiranger na tashi wajen ƙarfe biyar, gari ya riga ya waye tangaran. Na fita waje da bargo. Dutse ta dama, dutse ta hagu, sun miƙe tsaye kamar katanga, sai kin ɗaga kai har wuya ya yi ciwo kafin ki ga ƙarshensu, ga ƙanƙara fari fat a samansu. Jirgin da muke ciki ya fi bene goma tsawo, amma a wurin ya koma kamar ƙwanƙwalati. Sai ga ruwa bakwai jere suna zubowa daga kan dutse guda, su suke kira 'Yan Mata Bakwai 'Yan Uwan Juna. Na je Gurara, na je Matsirga, ba raini ba, amma wannan wani abu ne daban. Wani tsohon Bature kusa da ni yana ta ɗaukar hoto, ni kuwa bakina sai tasbihi yake, hawaye na zuba. Alhaji, a bar Dala a inda take.

Alhaji Na-Kwari: To Anti, an ji. Amma a bar taɓa Dala.

Injiniya: Bari in sa baki kan abin da fiyod yake, don mutane suna ɗauka kogi ne. Ba kogi ba ne, teku ne, ruwan gishiri. A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, tulinta mai kaurin gaske yana gangarowa a hankali daga tsaunuka, yana nuƙe dutse yana ƙwaƙule kwari har ya zarce ƙasa da matakin teku. Da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara dubu goma da suka wuce, sai teku ya kwararo ya cika ramin. Shi ya sa suke da zurfi na ban tsoro. Sognefjord, wanda ya fi kowanne tsawo a ƙasar, ya shiga cikin ƙasa sama da kilomita 200, kusan nisan Kano zuwa Kaduna, kuma zurfinsa a wani wuri ya haura mita 1,300. Wato katangar dutsen da Anti ta gani a sama, ta ci gaba da gangarawa can ƙarƙashin ruwa. Dalilin da ya sa ƙaton jirgi yake iya matsawa dab da katangar dutse ba tare da ya taɓa ƙasa ba ke nan.

Maman Walida: Injiniya, wannan bayani na zurfi da ka bar shi a cikinka. Yanzu ka ƙara min tsoro.

Malam Na-Damagaram: Assalamu alaikum. Ku bar dutse tukuna, a amsa wa maigida tambayarsa, don ita ce mai nauyi, kuma ya kyauta da ya yi ta. Mas'alar ba sabuwa ba ce. A hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci yinin da zai yi tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su a cikinsa. Ya ce a'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa. A kan wannan malamai suka gina hukuncin ƙasashen da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba: salla biyar a cikin kowane awa 24, ba ragi. Saɓanin da ke akwai shi ne da wane lokaci za a ƙaddara. Wasu suka ce da gari mafi kusa wanda dare da rana suke rarrabuwa a cikinsa, wasu suka ce da lokacin Makka. Duk wanda mutum ya bi, yana da magabata.

Ɗalibi a Tromso: Allah ya saka da alheri Malam. Ni a nan nake karatu, shekarata ta uku ke nan. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan. Takan sauko ta yi ƙasa-ƙasa ta ɓangaren arewa da tsakar dare, kamar hantsi ko bayan la'asar, sai ta sake hawa. A hunturu kuma akasin haka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa. Muna da masallaci a cikin gari, sunansa Alnor, kuma a irin wannan lokaci jadawalin Makka ake bi. Ranar farko da na yi magariba rana na dukan fuskata ta taga, wallahi zuciyata ta ƙi natsuwa, sai da na sake tambayar liman. Yanzu na saba. Baba ya zo ya gani da idonsa, daga tashar jirgin zuwa masallacin ba wata wahala ba ce, in ranar ba ni da darasi ni zan raka shi.

Amma Malam, inda aka fi rikicewa ba nan ba ne, Bergen ne da garuruwan kudu. Can rana tana faɗuwa, sai dai wajen ƙarfe 11 na dare a watan Yuni, ta fito wajen ƙarfe huɗu. Tsakaninsu duhu ba ya kankama, jan shafaƙi ba ya gushewa har alfijir ya riske shi. Magariba tana da alama, lisha ce ba ta da ita.

Abu Hanan: Wannan ai mai sauƙi ne. Matafiya ne, su yi ƙasaru su haɗa magariba da lisha, su kwanta abinsu. Addini sauƙi ne.

Malam Na-Damagaram: Sannu a hankali ɗana. Ƙasaru babu ja, matafiyin teku yana yi kamar na tudu, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, kuma babu tashar da jirgin zai yi kwana huɗu. Amma haɗa salla biyu saboda tafiya, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, rangwame ne na tafiyar tudu, ban da ta ruwa. Haka yake a cikin Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya. Dalilinsu shi ne mai jirgin ruwa ba shi da wahalar sauka da ɗaure kaya, yana zaune ne a ɗakinsa.

Abu Hanan: Malam, da girmamawa, Shafi'iyya da Hanbaliyya ba su bambanta tudu da ruwa ba. Kuma a nan ba tafiya kaɗai ba ce, alamar lokacin ce ma babu. Dattijo ya zauna jiran lisha har ƙarfe ɗaya, ya tashi asuba ƙarfe biyu da wani abu? Ina barcin?

Malam Na-Damagaram: Ban ce haramun ba ne, na faɗi abin da ke cikin littafin da muka karanta ne don kada a ce kowa ya yarda. Inda alama ta ɓace, malaman da ke zaune a Turai da dama sun ba da fatawar haɗawa saboda matsi, kuma su suka san ƙasarsu. Maigida ya zaɓi hanya ɗaya tun kafin ya hau jirgi, ya rubuta jadawalinsa a takarda, ya tsaya a kai. Abin da ba na so shi ne yau Makka, gobe gari mafi kusa, jibi abin da waya ta ce. Alƙibla kuma daga can kudu maso gabas take. Ya duba kafin ya tayar, in jirgi ya juya ya juya tare da ita gwargwadon iko, in tsayuwa ta gagara saboda igiyar ruwa ya zauna.

Anti Nas: Manhajar salla ta waya kam kada ku dogara da ita a can. Tawa haukacewa ta yi bayan mun wuce layin Aktik, wato iyakar da daga ita zuwa arewa rana kan ƙi faɗuwa a bazara, ta sa min lisha da asuba a minti ɗaya.

Maman Walida: Na karanta masa duka. Ya ce a gaida Malam, ya gamsu da hadisin. Yanzu kuma ya koma kan abinci.

Anti Nas: Abinci ba ya yankewa dare da rana, matsalar ita ce naman alade yana shiga inda ba ki zata ba, har cikin miya da wake, wani girkin kuma da giya ake yi. Ku sanar da kamfanin tun wajen yanka tikiti cewa ku Musulmi ne, kuma ku riƙa tambayar masu rabon abinci. Da yawan ma'aikatan 'yan Indonesiya ne da Filifin da Indiya, wani yaro Musulmi ɗan Indonesiya shi ya riƙa nuna mana abin da za mu kauce wa. Mu kifi muka dage wa, da ƙwai da shinkafa da ganye. Ki tafi da yajinki, don abincinsu salam yake. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a gida, dokarsu ta hana shiga da nama daga waje. Akwai gidan caca da mashaya a cikin jirgin, amma girmansa ya isa ki yi kwana 12 ba ki bi ta ƙofarsu ba.

Sai kaya. Kada kalmar bazara ta ruɗe ki. Bazararsu sanyin Jos ne a watan Disamba, ga iska. Bergen kuwa ruwan sama kamar an yi mata baki, ana samunsa a fiye da kwana 200 a shekara. Rigar ruwa da takalmi mai rufi dole ne.

Injiniya: A ƙara da biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar, ko da yana da takardar zama a Ingila, sai ya nemi bizar Shengen. Kada wani ya ce ai ba zan sauka daga jirgi ba, tun a Southampton za a hana shi hawa, kuɗi kuma sun tafi. Sannan kuɗin tikiti ba shi ne ƙarshe ba: yawancin jiragen suna ɗora kuɗin hidima na kowace rana, intanet da kuɗi, motocin yawo a kowace tasha da kuɗi mai tsada. Garuruwa irin Bergen da Alesund da ƙafa ma kun gama su. A Alesund akwai matakala 418 zuwa saman dutsen Aksla, daga nan ake ganin garin duka. Gobara ce ta cinye shi a Janairun 1904, aka sake gina shi da dutse cikin 'yan shekaru, shi ya sa gidajen suka yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya.

Maman Walida: Matakala 418 da wannan gwiwar tawa? Na yafe, a nuna min hoto.

Alhaji Na-Kwari: Ni har yanzu ban ji abin da mutanen nan suke sayarwa ba. Dutse za su ci?

Ɗalibi a Tromso: Alhaji, kayansu yana nan a kasuwar Sabon Gari, kana wuce shi. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo suke kira okporoko, Yarabawa su ce panla, daga nan yake fitowa. A tsibiran Lofoten, kudu da mu, ake kama kifin kod a hunturu, a rataye shi bibbiyu a kan dogayen katakai tun wajen Fabrairu, ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi kaɗai suke busar da shi har zuwa Mayu ko Yuni. Masu kyaun Italiya ake kai wa. Kawunan kuwa, da ragowar, Nijeriya ce babbar kasuwarsu. Ya daɗe yana shigowa, amma lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da aka riƙa kai shi a matsayin agaji, ya ƙara kama bakin mutane. Na taɓa zuwa wani ƙauyen masunta, da dattijon ya ji daga inda nake sai ya washe baki ya ce min okporoko. Kalmar da ya sani ke nan.

Injiniya: Kuma kifin nan shi ya gina Bergen. Jerin gidajen katakon nan masu launi da ake gani a hoto, Bryggen, zangon fatake ne. 'Yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa sun kafa ofishinsu a wurin wajen 1360, suna kawo hatsi suna ɗaukar busasshen kifi, shekaru ɗaruruwa. Gidajen da ke tsaye yanzu an sake gina su ne bayan gobarar 1702, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. In ka shiga lungunan, Alhaji, sai ka rantse wani tsohon layi ne a Kurmi, ƙasa rumbu, sama wurin kwanan yaran shago.

Alhaji Na-Kwari: Yanzu kuka fara magana.

Ɗan Gwagwarmaya: Ku dai faɗi gaskiya, fetur ne ya yi su. Mu muka riga su samu, Oloibiri 1956, su sai 1969 suka haƙo nasu a Ekofisk. Suka buɗe asusu suna tara wa jikoki, mu muka cinye namu har da na jikokin. In kun sauka Stavanger ku shiga gidan tarihin man fetur ku yi mana kuka a madadinmu.

Injiniya: Da gaskiyarka, amma ka tuna duk ƙasar mutum miliyan biyar da rabi ne, jihar Kano kaɗai ta ninka su.

Ɗan Gwagwarmaya: Yawa ne ya sace kuɗin?

Shugabar Zaure: Jama'a, siyasa tana da ranarta. Hajiya tambayar tafiya ta yi.

Ɗalibi a Tromso: Akwai abu ɗaya da nake so Mama ta sani, don kada ta ga wani ya ɗaure fuska ta ɗauka don hijabinta ne. Ba duk mutanen nan ke murna da manyan jiragen ba. Geiranger ƙauye ne na mutum ɗari biyu da wani abu, sai jirgi ɗaya ya juye musu dubbai da safe, su cika hanya, su leƙa tagogin mutane, da yamma su tafi ba su sayi abin kirki ba tunda abinci na jiransu a jirgi. Ga hayaƙin da ke maƙalewa tsakanin duwatsu. Tun 2018 majalisar ƙasar ta yanke cewa lungunan da ke cikin jerin UNESCO sai jirgin da ba ya fitar da hayaƙi, an dai ɗaga wa manyan jirage ƙafa zuwa 2032. Ni da za a bi tawa, jirgin Hurtigruten za ku hau. Tun 1893 yake bin gaɓar nan, yanzu daga Bergen zuwa Kirkenes, tasha 34, yana ɗaukar kaya da mutanen gari. Babu caca, babu kiɗa, za ku ga ƙasar yadda take.

Anti Nas: Ƙanina, ka manta da wa kake magana. Sai sun hau jirgin sama zuwa Bergen, jirgin ƙarami ne ya fi girgiza, yawancin tashoshin minti kaɗan yake tsayawa, wasu ma da tsakar dare. Dattijai biyu a tafiyarsu ta farko, a bar su da babban. Ni dai abin da zan ce, in kuɗin yara ya kai, a ɗauki ɗaki mai baranda. Mu na ciki muka ɗauka mara taga don araha, na yi da-na-sani. Amfaninsa ɗaya, duhu, don masu taga sun yi ta kukan haske ya hana su barci.

Maman Walida: Tsaya Anti. Lafiyar jirgin fa? Wata maƙwabciyata ta ce an taɓa kwashe mutane da helikwafta.

Injiniya: An yi, a Maris 2019, a wani wuri mai suna Hustadvika. Injinan wani jirgi suka mutu cikin guguwa, aka kwashe mutum ɗari huɗu da wani abu ta sama, sauran suka iso tasha da jirgin, ba a rasa rai a ranar ba. Amma wannan ƙarshen hunturu ne, Yuni teku ya fi kwanciya. Kafin jirgi ya tashi dole kowa ya san inda zai taru da yadda ake sa rigar ceto, kada ku yi wasa da wannan. Ku yi inshorar lafiya ta tafiya, likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuma maganin hawan jini ko na suga a riƙe shi a jakar hannu.

Maman Walida: Assalamu alaikum, Baban Walida ne, na karɓi wayar. Na gode wa kowa, musamman Malam da yaron nan na Tromso, Allah ya ba da sa'ar karatu. Zan bi lokacin Makka daga inda rana ta daina faɗuwa, kafin nan in bi alamar da na gani. Na gaya wa yara ɗaki mai baranda nake so, in cikon kuɗi ne ni zan cika. Shekara 40 ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina zana wa yara karkatar duniya a allo ina ce musu akwai inda rana ke kwana a sama, suna kallona kamar mai tatsuniya. Ina so in zauna da agogo a hannu in ga ƙarfe 12 na dare da idona.

Malam Na-Damagaram: Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Kada a manta da addu'ar hawa, bismillahi majreha wa mursaha.

Alhaji Na-Kwari: Malam Baban Walida, tunda dai tafiyar ta tabbata, in kun sauka ka tambayar min nawa suke sayar da dilar kan kifin nan a wurinsu, da kuma ko suna ba da bashi. Akwai wani abokina a Sabon Gari da nake zargin ya daɗe yana cutata.